Sanarwar Gado da Bashin Mamaci: Nazari Kan Shafin da Ba Mu Cika Karantawa Ba

Gabatarwa

Duk wanda ya saba buɗe jaridun Turanci na ƙasar nan ya san akwai wasu shafuka can wajen ƙarshe, kafin a kai ga labarin wasanni, da ake cikawa da ƙananan rubuce-rubuce kamar jerin tururuwa. Babu hoto, babu babban kai, sai sunaye da adireshi da ranaku. Yawancinmu tsallake su muke yi, daga baya mai ƙosai ta naɗe ƙosanta da su. To amma a cikin waɗannan shafuka ne ake sanar da cewa wane ya rasu kuma wasu sun nemi kotu ta damƙa musu dukiyarsa, ko kamfani kaza zai rufe, duk mai bin sa bashi ya fito, ko kuwa gwamnati ta karɓe fili a wuri kaza. Idan wanda abin ya shafa bai gani ba, wa'adi na iya cika yana barci.

Manufar wannan ɗan nazari ita ce mu duba irin waɗannan sanarwowi tare da 'yan'uwana ɗalibai: daga ina suka samo asali, me suke nufi, kuma yaya za a faɗe su da Hausa ba tare da an cuci kowa ba. Ni Bayarabe ne, a aji na koyi Hausa, sannan na ƙara a bakin mutanen Sabo. Saboda haka zan riƙa leƙa yadda abin yake a nan Kudu, inda Hausawa 'yan kasuwa da yawa ke zaune, suna da asusun banki da rumfuna da filaye, amma takardun da za a nemi iyalansu da su ranar da ta Allah ta kasance duk da Turanci suke.

Asalin Gazet

Uwar dukan sanarwar hukuma ita ce jaridar gwamnati da ake kira gazet. Masana asalin kalmomi sun ce sunan ya fito ne daga birnin Benis na ƙasar Italiya, inda wani ƙaramin tsabar kuɗi mai wannan suna yake sayen takardar labarai guda. Wannan ya tuna mini da Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairun 1939, domin ita ma kuɗin sayenta yana cikin sunanta. A Ingila, gazet ta fara fitowa a shekarar 1665 a garin Okusfod, lokacin da annoba ta kori sarki da fadawansa daga Landan, sannan ta koma Landan a 1666. Turawan mulkin mallaka suka zo mana da tsarin, ga shi har yau Gwamnatin Tarayya tana da tata gazet, kowace jiha kuma tana da tata. A ciki ake buga sababbin dokoki, da naɗin ma'aikata da ƙarin girmansu, da sanarwar filaye. Dokar shaida ta 2011 ta sa kotu ta ɗauki gazet a matsayin takarda ingantacciya, sai fa in an kawo hujjar da ta nuna akasin haka.

Hikimar abin mai sauƙi ce. Hukuma ba za ta iya bin mutane gida-gida tana tambaya ko akwai mai ja ba, don haka sai ta ajiye maganar a inda kowa zai iya gani, ta ba da wa'adi. Idan wa'adin ya cika, sai ta ci gaba da aikinta kamar kowa ya ji. Wannan "kamar" ɗin ita ce matsalar. Ni dai ban taɓa ganin mai sayar da jarida a bakin titi yana riƙe da gazet ba, shi ya sa dokoki da dama suka haɗa da jaridun yau da kullum.

Idan Mutum Ya Rasu: Hanyar Kotu

Harkar gado a Nijeriya ta jihohi ce, don haka ƙa'idojin sukan ɗan bambanta daga wannan jiha zuwa waccan. Amma a kowace babbar kotun jiha akwai ofishin rajistar gado, kuma takardu iri biyu ne manya suke fitowa daga can. Idan mamaci ya bar wasiyya a rubuce, ya ambaci wanda zai zartar da ita, wato wasiyyi, to kotu takan ba shi takardar tabbatar da wasiyya. Idan kuwa bai bar wasiyya ba, kuma haka yawancin mutanenmu suke mutuwa, sai wasu daga cikin iyalinsa su nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci. A Legas ba a ba wa fiye da mutum huɗu wannan takarda a kan dukiya guda.

Masu nema sukan kai takardar shaidar rasuwa, su cika fom, su lissafa abin da mamacin ya bari, banki ya rubuta adadin kuɗin da ke cikin asusunsa, su kawo masu tsaya musu, su yi rantsuwa cewa za su riƙe amana. Sannan akwai kuɗin da gwamnatin jiha ke karɓa gwargwadon ƙimar dukiyar. Wanda ya karanta tarihin kotunan alƙalai na zamanin En'e zai tuna da ushira, wato kashi ɗaya cikin goma da ake cirewa idan alƙali ya raba gado. Ashe dai hukuma ba ta taɓa barin gado ya wuce ta gabanta hannu rabbana ba.

Bayan wannan ne ake buga sanarwa a jarida. Takan ƙunshi sunan mamaci, da inda ya zauna, da ranar da ya rasu, da sunayen masu neman takardar, da dangantakarsu da shi. A Legas kwana 21 ake jira daga ranar da aka buga. Duk wanda yake da ja, ko matar da aka ɓoye, ko ɗan da aka tsallake, ko wanda ke riƙe da wata wasiyya, sai ya je ofishin ya shigar da takardar dakatarwa. Da zarar ta shiga, ba za a ba da izinin ba sai an saurare shi ko ya janye. Idan kwanakin suka cika shiru, sai a ci gaba.

Domin mu ga nauyin abin, mu ɗauki shari'ar da lauyoyi ke kira Ukeje da Ukeje. Wani mutumin ƙabilar Ibo ya rasu a shekarar 1981 ba tare da wasiyya ba, ya bar dukiya a Legas. Matarsa da ɗansa suka karɓi takardar izini, aka bar wata 'yarsa a waje. Ta shigar da ƙara a 1983, ba a kai ƙarshen magana ba sai ranar 11 ga Afrilu, 2014, lokacin da Kotun Ƙoli ta ce al'adar da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta ta saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulkin 1999. Hukunci ne mai kyau, amma a duba tsawon lokacin: shekara 31. Tsayar da takarda kafin ta fito aikin 'yan kwanaki ne, soke ta bayan ta fito kuwa yana iya cinye rabin rayuwar mutum.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa takardar izini ba ta mayar da mai riƙe da ita mai dukiya. Wakili ne kawai. Aikinsa ya tattara abin da aka bari, ya biya basussuka, ya raba saura ga masu haƙƙi bisa dokar da ta hau kan mamacin. Wace doka ce wannan? A nan ne ake kai ruwa rana. Wanda ya yi auren rajista, dokar gado ta jiha ce ke binsa. Mu Yarbawa muna da hanyoyi biyu a al'ada: idi-igi, inda ake raba dukiya ɗaki-ɗaki bisa yawan matan da suka haihu, da ori-ojori, inda ake rabawa kai-kai tsakanin 'ya'ya. Musulmi kuma yana da shari'a, sashe na 277 na tsarin mulki ma ya sa wasiyya da gadon Musulmi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Sai dai jihohin Kudu maso Yamma ba su da wannan kotu. Akwai kwamitocin sulhu na shari'a masu zaman kansu a Legas da Ibadan, amma ba kotunan gwamnati ba ne, banki kuma ba zai saki kuɗi da takardarsu kaɗai ba. Akwai ma wata tsohuwar shari'a, Adesubokan da Yinusa, ta wani Musulmi Bayarabe mazaunin Zariya da ya rubuta wasiyya irin ta Turawa, ya fifita wasu 'ya'yansa. Mai Shari'a Mohammed Bello, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya, ya ce dole wasiyyar ta bi shari'ar Musulunci, amma Kotun Ƙoli ta rushe hukuncinsa a 1971, ta ce dokar wasiyya ta Ingila ta 1837 ta ba mutumin 'yancin yin yadda ya so. Bayan haka ne wasu jihohi, har da Kaduna, suka yi dokokin wasiyya nasu da suka kiyaye matsayin Musulmi.

Wata Kalma Mai Rikita Mutane

Kafin in wuce, bari in tsaya a kan abin nan da ake cikawa a fom ɗin banki da na ɗaukar aiki, wanda Turawa ke kira nes of kin. Sau da yawa nakan ji an fassara shi da "magaji". A ganina wannan fassara ɓarna ce, domin ta sa mutane da dama suna zaton duk wanda aka rubuta sunansa a wurin shi zai kwashe kuɗin. A doka, shi dai mutum ne na kusa da za a tuntuɓa idan wani abu ya faru. Banki ba ya miƙa masa kuɗin mamaci don sunansa yana kan fom, sai ya kawo takardar kotu. Haka dokar fansho ta 2014 ta tanada: kamfanin fansho ba ya sakin abin da ma'aikaci ya tara sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izini. Da za a bi tawa, "makusancin da za a tuntuɓa" za a riƙa cewa. Ya fi tsawo, amma ba ya haɗa wa da ƙani faɗa a ranar sadakar uku.

Bashi Kafin Gado

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mutum kan mutu ana bin sa, yana kuma bin wasu, kuma a nan ne sanarwa ta fi amfani. Abin sha'awa shi ne dokar Turawa da shari'ar Musulunci sun haɗu a kan magana guda: babu gado sai an biya bashi. A fiƙihun Malikiyya, wanda ake bi a ƙasar Hausa, ana fara fitar da haƙƙin da ya rataya a kan wani abu takamaimai, kamar gonar da aka ba da jingina. Sai kuɗin likkafani da binnewa, sai basussuka, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusin abin da ya rage ba, sannan magada su raba saura. Ayoyin gado na 11 da 12 a Suratun Nisa'i sun maimaita zancen wasiyya da bashi, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Sadakin da miji bai gama biya ba shi ma bashi ne, matar za ta karɓe shi daban kafin a zo kan tumuninta.

Bari mu yi lissafi domin abin ya fito fili. A ƙaddara wani mutum ya rasu ya bar naira 3,000,000, da mata ɗaya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, iyayensa kuma sun riga shi. An kashe 60,000 a jana'iza, an biya basussukan da aka sani na 540,000, saura 2,400,000. Ya yi wasiyyar 600,000 ga wata makarantar allo, wadda ba ta kai sulusi ba, don haka aka fitar, saura 1,800,000. Matar ta ɗauki tumuni, 225,000. Ragowar 1,575,000 aka kasa biyar, kowane namiji ya sami 630,000, macen ta sami 315,000. Kowa ya watse. Bayan wata shida sai ga wani mutum daga Kano da takarda da shaidu, yana bin marigayin naira 400,000 na shanun da ya aiko masa. Yanzu dole a sake lissafi daga 2,000,000. Wasiyyar tana nan yadda take domin har yanzu ba ta wuce sulusi ba, amma matar za ta mayar da 50,000, kowane ɗa namiji 140,000, 'yar kuma 70,000. A takarda abin ba wuya. A zahiri kuwa ɗaya ya sayi babur, ɗaya ya kai kuɗin aure, uwar ta biya haya. Wa zai fara fitarwa?

Irin wannan ne ya sa Turawan Ingila suka tsara sanarwar masu bin bashi. Sashe na 27 na dokarsu ta amintattu ta 1925 ya ba wasiyyi ko mai kula da dukiya dama ya buga sanarwa a gazet, ya ba da wa'adin da bai gaza wata biyu ba. Idan wa'adin ya cika ya raba dukiyar, to wanda ya zo daga baya ba zai kama shi ya biya daga aljihunsa ba. A lura da kyau, bashin bai mutu ba. Mai bin bashin yana iya bin magada ya karɓa daga abin da ya shiga hannunsu. Sanarwar garkuwa ce ga mai rabo, kira ce kuma ga mai haƙƙi ya zo tun tukunya tana kan wuta. Lauyoyinmu ma sukan buga irinta a jaridu, musamman idan dukiyar mai yawa ce, kuma a ma'aikatun shari'a na jihohi akwai ofishin babban mai kula da dukiyar mamata, wanda kan karɓi ragamar dukiyar da ba ta da mai tsaya mata ko wadda magada suka kasa daidaitawa a kanta.

To Bahaushe fa, ya jira gazet ne kafin ya san wannan? Ko kusa. Duk wanda ya taɓa halartar jana'iza a unguwar Hausawa ya ji yadda, kafin a yi salla ko bayan an rufe mamaci, liman ko wani dattijo daga dangi kan ɗaga murya ya ce duk mai bin marigayi bashi, ko wanda marigayin ke bi, ya sami wane. Akan maimaita a zaman makoki da wajen sadakar uku da ta bakwai. Wani ya taso ya ce ya yafe, wani ɗa ko ƙani ya ce ya ɗauke wa mamacin. Idan aka auna, duk abin da sanarwar jarida ta ƙunsa yana nan: an ambaci mamaci, an kira masu haƙƙi, an nuna wanda za a samu. Har ta fi ta jarida wani abu, domin tana kiran waɗanda mamacin ke bi su ma su kawo, kuma tana shiga kunnen mutanen da suka yi hulɗa da shi da harshen da suke ji.

Rauninta biyu ne. Na farko, ba ta da wa'adi yankakke kuma ba ta barin shaida a rubuce. Na biyu, iyakarta inda murya ta kai. A da, lokacin da abokan cinikin mutum duk suna cikin gari ɗaya, wannan ya wadatar. Amma ɗan kasuwar da ke zaune a Agege ko Sabon Ibadan ko Shagamu, goronsa na tafiya Arewa, shanu da albasa na zuwa masa daga can, yawancin cinikin kuma da baki da amana ake yinsa, masu bin sa suna warwatse a jihohi biyar. Shelar maƙabarta ba za ta kai gare su ba, sanarwar Turanci a jaridar Legas ma haka. Mutum ya faɗa tsakanin shela biyu ke nan.

Sauran Sanarwowin Gwamnati

Ba zan daɗe a nan ba, sai dai in nuna cewa tsarin ɗaya ne. Mai son auren rajista, akan liƙa sanarwarsa a ofishin rajista kwana 21 ko akwai mai ja. Ƙungiyar da ke son rajistar amintattunta, ko ta masallaci ce ko ta coci ko ta 'yan kasuwa, takan buga sunayensu a jaridu a jira kwana 28. Kamfanin da zai rufe kansa, dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta masa sanarwa domin masu bin sa bashi su sani. Da Babban Bankin Nijeriya ya soke lasisin bankin Heritage ranar 3 ga Yuni, 2024, hukumar inshorar ajiyar banki, wato NDIC, ita ta karɓi ragamarsa, ta yi ta fitar da sanarwa ga masu ajiya, inda inshora ta ɗauki har naira miliyan 5 ga kowane mutum, sauran kuma sai an sayar da kadarori. A irin wannan layi masu ajiya ne a gaba, masu bin bashi a bayansu, masu hannun jari a ƙarshe.

Wadda ta fi zafi ita ce ta filaye. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba gwamna iko, a sashe na 28, ya soke haƙƙin mallakar fili saboda buƙatar jama'a, kamar hanya ko asibiti, sashe na 29 kuma ya yi maganar diyya. Amma dokar ta ce sai an sanar da mai filin, kuma kotuna sun sha yanke hukunci cewa bugawa a gazet kaɗai ba ta isa ba, sai an isar masa da takarda ta hanyoyin da sashe na 44 ya lissafa. Wannan hukunci ya burge ni, domin alƙalan sun yarda da abin da kowa ya sani, cewa talaka ba ya karanta gazet.

Sai kuma a yi hattara da na jabu. Saƙonnin nan na intanet da ke cewa wani attajiri ya mutu ba magaji, ka turo kuɗi a sa sunanka, rigar sanarwar gado suka ara. Sanarwar gaskiya takan tura ka ofishin kotu ne ko na lauya mai adireshi, ba ta neman ka biya kafin ka ga kowa.

Yaya Za Mu Faɗe Su da Hausa?

Nan ne aikinmu yake, mu ɗaliban harshe. Sashe na 55 na tsarin mulki ya ambaci Hausa da Ibo da Yarbanci a matsayin harsunan da Majalisar Tarayya za ta iya aiki da su idan an yi tanadi, an kuma taɓa wallafa ƙamus na kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu a 1991. Duk da haka sanarwar gado da ta bashi har yau da Turanci suke fita, Turancin ma irin na lauyoyi, mai jimla guda da za ta cika rabin shafi.

Mai fassara zai fara cin karo da kalmar bashi kanta. Hausa ta rarrabe abubuwan da Turanci kan dunƙule. Aro shi ne ka karɓi abu ka mayar da shi kansa, kamar tabarma ko keke. Rance shi ne ka karɓi kuɗi ko hatsi ka mayar da kwatankwacinsa. Ajiya amana ce, ba ta shiga dukiyar mamaci ko kaɗan, mai ita zai ɗauki abarsa. Jingina kuma tana da nata hukunci, kamar yadda muka gani. Ga kuma zubin adashi, wanda mamaci ya kwasa bai gama zubawa ba. Idan sanarwa ta ce "mai bin bashi" kawai, matar da ta ba marigayi ajiyar sarƙarta za ta ɗauka ba da ita ake ba. Saboda haka gara a ce "duk mai wani haƙƙi", sannan a lissafa.

Na biyu, akwai kalmar mabarci, wadda ke da daɗin faɗa kuma gajera ce, amma ana jin ta da ma'anar mai bi da kuma wanda ake bi. A waƙa ko labari wannan ba laifi, a takardar da za a kai kotu kuwa haɗari ne. "Mai bin bashi" da "wanda ake bi bashi" sun fi aminci. Mu masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu sai mun ƙara kula a nan, domin "ina bin sa" da "yana bi na" ɗan juyi ne kaɗan ya raba su, amma shi ke nuna aljihun da kuɗi zai fita.

Na uku, wa'adi. Idan aka ce "cikin kwana 21", daga yaushe? Mai sauraron rediyo bai san ranar da aka buga jarida ba. Kuma Bahaushe yakan ƙirga ranar da abu ya faru a cikin lissafi, shi ya sa wanda ya rasu ran Litinin ake sadakar ukunsa ran Laraba, alhali a ƙa'idar lauyoyi ba a ƙirga ranar farko. Maganin wannan shi ne a faɗi ranar ƙarshe da sunanta da kwanan watanta.

Ga yadda nake ganin sanarwar masu bin bashi za ta iya fita:

"Ana sanar da jama'a cewa Malam Wane ɗan Wane, mazaunin unguwa kaza a garin kaza, ya rasu ranar kaza ga watan kaza. Duk wanda yake da wani haƙƙi a kan marigayin, ko bashi ne, ko rance, ko ajiya, ko jingina, ko kuɗin ciniki, ya kawo bayaninsa a rubuce tare da shaidarsa zuwa ga Wane da Wane, waɗanda kotu ta ba izinin kula da dukiyarsa, a adireshi kaza, kafin ƙarshen ranar kaza ga watan kaza. Haka kuma duk wanda marigayin yake bi, ya zo ya bayyana. Bayan wannan rana za a raba dukiyar bisa haƙƙoƙin da aka sani. Wanda ya zo daga baya, sai dai ya nemi magada."

Mai karatu zai ga na yanka ta gajeru-gajeru, ban bi ginin jimlar lauyoyi ba. Na ƙara kiran waɗanda marigayin ke bi, wanda na aro daga shelar jana'iza. Na kuma guji cewa "ya yi asarar haƙƙinsa" a jimlar ƙarshe, ko da yake ita ce ta fi saurin zuwa baki, domin ba haka doka ta ce ba, shari'a ma ba ta ce haka ba. Irin wannan sanarwa ba ta wuce minti ɗaya a rediyo, kuma gidajen rediyon Arewa sun daɗe suna karanta sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure da Hausa. Iyalin da suka buga ta Turanci a jarida domin cika ƙa'idar kotu suna iya kai wannan gidan rediyon garin da marigayi yake sayen kaya, su ba Sarkin Hausawan unguwarsu kwafi, a kuma karanta ta a masallacin Juma'a na kasuwar da ya yi ciniki.